Aikin kwalayen Kawu: kaset, faifai da tsofaffin mujallu

Asabar, 7 ga Disamba 2024

Da hantsi aka kawo kwalayen daga gidan Kawu a Adaidaita Sahu, kuɗin ɗauko naira 3,500. Kawu ya daɗe yana riƙe da shagon hayar kaset a unguwarsu, tun zamanin da ake jera kaset ɗin bidiyo a kanta ana rubuta sunan mai haya a littafi, har faifai ya zo ya ture kaset, shi ma memorin waya ya zo ya ture faifai. Da ya rufe shagon bai zubar da ko tsinke ba, ya tura komai ɗakin zaure ya kulle. Yanzu za a gyara ɗakin saboda auren ɗansa, shi ne ya kira ni. Ya ce, "Ɗana, kai ne mai son irin waɗannan. In kana so ka kwashe, in ba ka so 'yan gwangwan suna nan." Na ce, "Kawu, a bar min su, yau ɗin nan zan turo a ɗauka."

Kaya iri huɗu ne: kaset na rakoda, kaset na bidiyo, faya-fayan VCD, sai tarin mujallun fim da yake ajiyewa a kan kanta don masu jiran layi. Niyyata kafin azumi in kwashe duk abin da har yanzu ake iya ji, ko gani, ko karantawa, in zuba a kwamfuta. Zan riƙa rubuta abin da na kashe da abin da ya kama raina a hanya. Ba don in watsa a intanet ba ne, kaya ne masu masu su. Ajiya kawai nake so.

Lahadi, 8 ga Disamba

Yinin yau a tantancewa ya ƙare. Kwalin da ke ƙasa na mujallu ne, kuma gara ta shiga ta gindinsa ta cinye kusan kashi ɗaya cikin uku. Wasu da na ɗaga sai bango kawai ya biyo hannuna, cikin ya zama ƙasa. Na shimfiɗa tabarma a inuwa na baza waɗanda suka tsira su sha iska. Kaset na rakoda su suka fi lafiya. Na bidiyo kuwa da yawa ana hango farar fumfuna ta cikin gilashinsu, alamar damina da yawa sun wuce ta kansu a ɗakin da ba taga.

Na sayo manyan robobi masu murfi da ledoji, naira 9,000. Hunturu ya kankama, in ban rufe su ba ƙura za ta ƙarasa abin da danshi ya fara.

Laraba, 11 ga Disamba

Tsohuwar rakodar gidanmu ƙirar National tana kama rediyo tas, amma in an danna kaset sai motar da ke cikinta ta yi kuka, ba abin da ke juyawa. Na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo. Da ya kwance bayanta sai ga bel ɗin ya narke ya zama baƙin danƙo, ya manne a jikin faifan da yake juyawa. Ya daɗe yana kankarewa da tsinken auduga da sifirit. Sabon bel ba ya samuwa yanzu, daga cikin wata matacciyar rakoda ya ciro wanda ya yi daidai. Ya kuma nuna min 'yar robar nan mai danne zaren kaset, ya ce in ta bushe ita ke sa rakoda cin kaset, in riƙa goge ta bayan kowane 'yan kaset. Ya ce, "Malam, ka riƙe ta da kyau, irin wannan ba a ƙara yin ta." Gyara naira 6,000, sifirit da auduga 1,500.

Asabar, 14 ga Disamba

Gwajin farko, kuma bai yi ba.

Na haɗa rakoda da kwamfuta ta waya mai kai biyu (1,500) da wata 'yar na'urar sauti ta USB (4,500), na buɗe manhajar Audacity, wadda kyauta ce. Sauti ya shiga, amma a ƙarƙashinsa akwai wani gurnani mai kauri da ba ya yankewa. Da aka ɗauke wuta na tayar da janareto, abin ya ƙara muni, har da ƙara mai tsini a sama. Na canja soket, na raba wayoyin, na matsar da rakoda nesa da caja, duk a banza. Manhajar tana da hanyar rage hayaniya, na gwada, gurnanin ya ragu amma ya tafi da gindin kalangu, kiɗan ya koma siriri ba nauyi. Wannan ba ajiya ba ce, ɓarna ce.

Can da yamma na zare cajar kwamfuta don in kai ta ɗaki, sai gurnanin ya ragu nan take. Na cire wayar wutar rakoda na zuba mata manyan batura, ya ɓace gaba ɗaya. Ashe daga layin wuta yake shigowa. To yanzu tsarin aiki ya fito: in yi caji in an kawo wuta, in yi ɗauka a kan batir zalla. Batura naira 4,000. Wani alherin shi ne ba sai na ƙona fetur ba, ga lita ta haura naira dubu.

Talata, 17 ga Disamba

Kaset ba ya yarda a yi masa gaggawa. Zarensa yana tafiya ne santimita 4.76 a sakan ɗaya, na minti 90 sai ya ci minti 90 cif, kuma dole mutum ya zauna kusa don kada zare ya sarƙe ba a sani ba. Ban taɓa tunanin wannan dolen ce za ta fi komai daɗi a aikin ba.

Da Mamman Shata na fara, don shi ya fi yawa a kwalin. Na taso ina jin Shata a motar haya da gidan biki da rediyo, amma gutsi-gutsi, minti uku nan, minti biyar can. A waya ma haka ake tura shi, an yanko inda aka fi so. Yau ne na zauna na ji fuska guda ta kaset tun daga fari har ta ƙare, ɗaukar wasa a fili, ana jin hayaniyar jama'a da muryar sanƙira yana shigowa. Abin da na lura da shi ba muryar Shatan ba ce kaɗai, 'yan amshi ne. Layi ɗaya suke riƙe da shi, ba sa gajiya, ba sa gaba ba sa baya, shi kuma yana fita ya yi nisa da zance, ya ambaci gari, ya ambaci mutum, ya yi habaici, sai ya dawo ya faɗo daidai kan gaɓar da suka bar masa. Sai waƙa ta yi tsawo ake gane wannan. Makaɗan kalangu su ma akwai inda suke yin ƙasa da hannu don maganarsa ta fito, in ya ja numfashi su cike gurbin.

Mutumin Musawa ne, ya zauna Funtuwa, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a watan Yunin 1999, aka binne shi a Daura. Duk wannan na sani tun da. Abin da ban sani ba shi ne yadda yake gina waƙa a gaban mutane, sai da batir da zaren kaset suka zaunar da ni.

Ina ajiye kowane kaset a tsarin WAV, wanda ba ya matse sauti, minti ɗaya yana cin kusan mega 10, wato na minti 90 ya doshi giga ɗaya. Wurin ajiya zai zama matsala nan gaba kaɗan.

Juma'a, 20 ga Disamba

Ɗauka kawai. Ɗanƙwairo da Haruna Uji. Na goge kan rakoda.

Litinin, 23 ga Disamba

Wasu kaset ɗin sautinsu a dushe yake. Na koma wurin dattijon, ya nuna min wani ɗan ƙaramin noti a gefen kan da ke karanta zare. Ya ce masu kwafi na da kowa da injinsa, kan wani ya ɗan karkace, don haka sai an juya notin a hankali ana saurare har sauti ya washe. Na gwada a kan wani kaset na Ɗanmaraya Jos da na riga na fitar da rai da shi. Kwata ɗaya na juya, sai ga kuntigi ya fito ƙal, har ana jin yatsa a kan tsirkiya. Bai karɓi ko kwabo ba.

Ɗanmaraya ya shiga sahun waɗanda nake maimaitawa da dare. Shi kaɗai ne, ba 'yan amshi, ba ganga, tsirkiya ɗaya, kuma waƙoƙinsa na karen mota da ɗan dako da zaman aure ne. Bayan cikar fagen Shata, kaɗaicinsa yana hutar da kunne. Ya rasu a 2015, shi ma a watan Yuni.

Asabar, 28 ga Disamba

Zare ya tsinke a tsakiyar wani kaset na Barmani Choge. Na ji sauti ya ja, kafin in danna tsayawa ya naɗe a jikin robar. Na zaro shi a hankali da bakin biro, wajen taƙi guda ya yamutse. Kaset ɗin mai noti biyar ne, don haka ya kwantu. Na yanke inda ya lalace da reza, na haɗa bakin biyu a kan gilashi, na manna siririn salatif ta bayan zaren, ba ta fuskar da ke ɗauke da sauti ba, na naɗe da biro. An rasa sakan uku ko huɗu, sauran ya wuce lafiya.

Ina cikin sake ɗauka Hajiya ta leƙo daga tsakar gida, ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu. Ta ce, "Kai, ina ka samo wannan?" Na ce kwalin Kawu ne. Ta zauna a bakin gado har fuskar ta ƙare, tana ba ni labarin yadda ake kifa ƙwarya a ruwa a kiɗan amada, da yadda mata ke cika gida in an ce Barmani za ta zo, maza kuwa sai dai su ji daga waje. Ta ce in sa mata a wayarta. Na rage nauyinsa zuwa MP3 na tura mata, tun la'asar nake jin sa yana tashi daga madafa.

Alhamis, 2 ga Janairu 2025

Na juya kan mujallu. Shagon kwafi sun ce naira 100 kowane shafi a sikana, da na lissafa shafukan na ga ba zan iya ba. Kafinta ya haɗa min ɗan katako mai hannu da ke riƙe waya a sama tana kallon ƙasa, naira 2,500. Ina ɗauka da safe a bakin taga, in danne shafi da gilashin tsohon firam. Hasken rana kai tsaye yana sa bango mai sheƙi ya yi walƙiya, sai a inuwa.

Mafi yawansu mujallar Fim ce, wadda Ibrahim Sheme ya fara bugawa a Kaduna a watan Maris na 1999, wata uku kafin rasuwar Shata. Akwai 'yan kwafin Tauraruwa ta Kano, da Mumtaz. Na zaci hirarrakin taurari ne za su riƙe ni, sai na tsinci kaina a shafin wasiƙu. Masu karatu daga ƙananan garuruwa, har daga Maraɗi da Damagaram, suna rubutowa da cikakken suna da adireshi, suna gardama kan rawa da waƙa a fim, kan kwaikwayon Indiya, kan shigar 'yan wasa. Gardamar da ake yi yau a Facebook ita ce dai, sai dai a nan mutum ya sayi takarda da ambulan da kan sarki, ya jira wata guda kafin ya ga ko an buga. Ana ganin haka a rubutun, kowa yana shirya hujjarsa kafin ya yi zargi. Tallace-tallacen ma tarihi ne: sunayen kamfanoni, shagunan dillalai a Ƙofar Wambai da Bata, finafinan da aka ce suna nan tafe.

A yanzu babu abin da nake karantawa da marmari irin waɗannan shafukan.

Lahadi, 5 ga Janairu

Hoton mujallu. Hazo ya yi yawa, haske bai isa ba sai wajen ƙarfe goma.

Asabar, 11 ga Janairu

Na sayi tsohuwar bidiyo ta hannu, naira 15,000, da na'urar da ke shigar da hotonta kwamfuta, 12,000. Mai shagon ya gwada min da kaset ɗinsa, hoto garau. A gida na zaɓi kaset da ya fi kama da mai tsabta na saka. Minti biyu hoto yana tafiya, sai layuka suka fara ratsa shi, sai dusa-dusa, sai shuɗin allo. Na saka wani, shi ma shuɗi, ko da yake sauti yana fita.

Dattijon ya buɗe murfin ya nuna min gangar ƙarfen da ke juyawa. Fumfunar da ke can cikin naɗin zaren, wadda ba a gani ta gilashi, ta toshe ƙananan kawunan da ke jikinta. Ya jiƙa farar takarda da sifirit, ya ɗora a jikin gangar, ya juya ta da yatsa a hankali. Ya gargaɗe ni kada in kusanto da auduga nan, zarenta yana kama kan ya karya shi, kuma kada a goga sama da ƙasa. Takardar ta fito da baƙi. Naira 2,000.

Shawararsa ita ce in raba kaset ɗin uku: masu tsabta, masu ɗan fari a gefe, da waɗanda suka yi fari fat. Na ukun kada su shiga injin ko kusa. Da na raba, na farkon ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Wannan ya yi min ciwo, don a cikin masu farin akwai finafinan farkon shekarun 1990, zamanin da ƙungiyoyin wasan kwaikwayo irin su Tumbin Giwa suka fara fitar da fim a kaset. Irin waɗannan ba kowane aka mayar faifai ba. Na ɗaure su a leda daban, na rubuta sunayensu a littafi. Ba zan zubar ba.

Laraba, 15 ga Janairu

A cikin masu tsabtan akwai wani marar bango, an rubuta "talabijin" da jan biro. Wasan Samanja ne, wani ya ɗauka daga NTA Kaduna, da guntun labarai a gabansa. Hoton yana rawa a ƙasa, amma ana ganin komai. Usman Baba Pategi, wato Samanjan kansa, ya rasu a 2023, ga shi nan da kakinsa yana ba da oda, Hausa da Turancin bariki a cakuɗe. Ɗaki ɗaya, kyamara ba ta ko motsi sosai, duk nauyin yana kan baki da fuska. Na kira Kawu na gaya masa, ya yi dariya ya ce shi ya ɗauka da hannunsa, ya ma manta.

Lahadi, 19 ga Janairu

Faya-fayan VCD sun fi sauƙi, kwafe fayil ne kawai daga ciki. Waɗanda suka karce ina wanke su da ruwa da ɗan sabulu, in goge daga tsakiya zuwa baki. Waɗanda fentin bayansu ya ɓare har haske ke ratsawa, sun tafi.

Na sake kallon fim ɗin Sangaya. Hoton VCD ƙanana ne, a babban allo fuska tana rarrabewa, amma kiɗan fiyanon nan yana shiga na tuna dalilin da ya sa kowane gida ya san shi a lokacin. Duk da haka, a abin kallo zuciyata yanzu tana wurin masu dogon zango, irin su Daɗin Kowa na Arewa24 da Labarina. Bayan na ga Samanja na gane abin da ke jawo ni gare su: sun dawo da zance. Mutum biyu su zauna a zaure su yi magana irin ta gida, a bar su su gama. Finafinan zamanin Sangaya da yawa labarin yana jiran waƙa ne, da an yi rawa uku fim ya ƙare. Ba na raina su, su suka gina kasuwar, amma ba su nake komawa ba.

Asabar, 25 ga Janairu

Asara mafi girma tun da na fara.

Kwamfuta ta cika, sai na sayi filashi a wani shago, an rubuta giga 256 a jikinsa, naira 8,000. Kwamfuta ma ta nuna 256. Na kwashe sautin da na ɗauka na zuba a ciki, sunayen fayil duk suka bayyana da girmansu daidai, na share wasu daga kwamfuta don in sami wuri. Jiya na zo buɗe na Haruna Uji, manhaja ta ce fayil ɗin ba komai a ciki. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na farko-farkon suna nan, duk abin da ya biyo baya fanko ne. Wani abokina mai gyaran kwamfuta ya gwada shi da manhajar da ke cika filashi ta sake karantawa, ainihin cikinsa bai kai giga 32 ba. An yi masa dabara ne ya riƙa faɗin ƙarya, in ya cika sai ya ci gaba da karɓa yana zubarwa.

Na mayar wa mai shagon, ya ce shi ma haka ya saro, ba a mayar da kaya in an buɗe. Ban tsaya jayayya ba. Abin da ya tafi: Haruna Uji duka, rabin Ɗanƙwairo, da kaset biyu na waƙoƙin Indiya na Mohammed Rafi da Lata Mangeshkar. Alhamdu lillahi kaset ɗin suna nan a roba, sai dai a sake zama. Na Barmani mai ɗinki shi na fi jin tsoro, don ban so ya sake bi ta cikin rakoda, amma yana cikin waɗanda suka tsira.

Talata, 28 ga Janairu

Na sayi babbar ma'ajiya ta waje mai tera ɗaya, ta hannu, naira 40,000. Abokina ya cika ta ya karanta ta kafin in biya. Daga yau kowane fayil wuri biyu yake zama.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na sake ɗaukar Haruna Uji da Ɗanƙwairo. A zama na biyu Ɗanƙwairo ya fi shiga raina. Waƙar fada ce, kotso da amshi mai sarƙa, inda 'yan amshi ba maimaitawa kawai suke ba, suna karɓar layi su ƙarasa shi, wani ya ɗora a kan wani. In an gaji ba a jin daɗinsa, yana son kunne a buɗe. Da asuba bayan salla na fi sa shi.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Lissafi zuwa yau: naira 109,500, ban da fetur da data. Ma'ajiya da kayan bidiyo su suka ci fiye da rabi.

Kaset na rakoda saura kaɗan, yawanci wa'azi da karatu, zan yi su cikin azumi tunda sun dace da lokacin. Mujallun da gara ta bari duk na ɗauki hotonsu, amma ba a jere suke ba, sai na bi wata da shekara na sa musu suna, kuma ina so in fitar da jerin lambobin da babu don in tambayi masu tsofaffin littattafai ko za a dace. Faya-fayai an gama. Kaset ɗin bidiyo masu tsabta na kwashe rabinsu.

Masu fumfuna sai bayan salla. Dattijon ya ce zai nemo min matacciyar bidiyo wadda motarta ke aiki, mu cire gangar, mu riƙa wuce zaren a hankali ta kan tsumma mai laushi, a waje, da takunkumi a hanci. Ya ce kada in sa rai da duka. Ya yi min kuɗinta naira 5,000, na ba shi rabi, wanda ban sa a lissafin sama ba. Kawu kuma ya aiko cewa akwai littafin hayar shagon a cikin akwatinsa, mai sunayen finafinai da ranar da kowanne ya shigo, zan karɓo ranar Juma'a in gwada shi da jerin da na rubuta.